Shekara Ukun da Mahaifinku Ya Bar Mini

Na san abin da kowannenku yake faɗa game da shekarar da mahaifinku ya kwanta ciwo. Zuwaira, ke kina cewa taurin kai ya yi. Mukhtar, kai kana cewa lauyoyi ne suka rage masa kwana, ni kuma na bi bayansu da ƙasa ta rufe masa ido. Kun faɗa a gabana, kun faɗa a bayana, har jikokina sun fara ɗauka. Ni ce nake tare da shi tun farko har ƙarshe, don haka zan rubuta yadda abin ya kasance. Kowa yana iya riƙe ra'ayinsa bayan ya karanta, amma ya riƙe shi a kan abin da ya faru da gaske.

Sai na koma baya sosai kafin ku gane. Lokacin da aka kawo ni Ingila ina amarya, mahaifinku yana karatun injiniya a Manchester, muna zaune a ɗaki ɗaya a saman wani gida a Fallowfield. A ƙasa akwai wani ɗalibi ɗan Filato mai suna Bitrus, Kirista, tuzuru, wanda in ya yi dariya har maƙwabta sai sun buga bango. Shi kaɗai ne mai jin Hausa a layinmu, saboda haka tukunyarmu ta zama ɗaya. A shekarun nan kuɗin tallafin karatu daga gida yana yawan makara, har aka taɓa cewa za a hana mahaifinku zama jarrabawa. Da dogon hutu ya zo, su biyun suka bi masana'antu ƙofa ƙofa suna neman aiki. A wurare da dama da kallo kawai aka sallame su. Wani dattijo ɗan Ireland, foman, wato shugaban leburori, a wata tsohuwar masaƙa, shi ne ya ɗauke su. Aikinsu shi ne su ɓamɓare tsohon abin da aka naɗe bututun tururi da shi a ɗakin da ake hura wutar injina, su zuba a buhu su fitar, don a naɗa sabo. Ana biyansu a hannu duk Juma'a, babu wata takarda. Hutu biyu suka yi a wurin.

Da yamma suna dawowa fari fat, gashin kai da gira har cikin kunne. Bitrus yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce mini:

"Amarya, ga tsofaffinki sun dawo, a ba su tuwo kafin haƙoransu su zube."

Ni nake fita da kayan aikinsu bayan gida in karkaɗe, in wanke na su biyun a baho ɗaya. Asbestos ne farin abin nan. Mun san sunansa, ba mu san halinsa ba. A Kano ma a lokacin, wanda ya yi silin asbestos a gidansa mai hali ake kiransa.

Daga nan rayuwa ta raba mu. Mahaifinku ya gama karatu ya samu aiki a Birmingham, muka sayi gidan Perry Barr inda kuka tashi. Bitrus bai ƙarasa nasa ba. Ya je gida ya auro Saratu, ya zama direban bas a Manchester har ya yi ritaya. Zumuncinmu ya koma na waya, su kira mu da Sallah, mu kira su da Kirsimeti. Da ya rasu mun je gaisuwa, aka ce mana ciwon huhu ne. Ba mu tambayi wane iri ba, domin ba a yi wa mai makoki irin wannan tambayar.

Wajen shekara biyu da rabi bayan haka mahaifinku ya fara tsayawa a tsakiyar matakala yana haki. Ya ce tsufa ne. Sai ya fara yin salla a kan kujera, mutumin da ko mura ba ta taɓa hana shi sujada ba. Na matsa masa ya ga likitan unguwarmu, shi kuma ya tura mu asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka zuƙe ruwa, aka yanki ɗan nama aka auna. Ranar sakamako wata likita matashiya ta zaunar da mu ta tambaye shi ko ya taɓa aiki da asbestos. Ya ce a'a, shi injiniyan ofis ne, zanen hanyoyi ya yi duk rayuwarsa. Ni ce na taɓa masa gwiwa na ce:

"Masaƙa fa?"

Ya juyo ya dube ni ya daɗe. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Likitar ta ce ƙurar tana iya kwanciya a ƙirji shekara arba'in ko fiye ba ta motsa ba. Ta ce ciwon daji ne na tantanin da ke lulluɓe da huhu, sunansa mesothelioma, ana iya rage zafinsa amma ba a warkar da shi, kuma da wuya ya wuce shekara guda. Sannan ta tambayi wanda yake wanke masa kayan aiki. Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ta rubuta wani abu, ta ce in na taɓa jin numfashina ya canza kada in jira.

Kafin mu fita wata nas ta ƙara mana da maganar da ba mu zo nema ba. Ta ce doka ta ba mai irin wannan ciwon damar neman diyya, amma akwai wa'adi: shekara uku daga ranar da ya san ciwon da kuma inda ya samo shi. In ya rasu a cikin shekara ukun bai shigar da ƙara ba, iyalinsa suna da sabuwar shekara uku daga ranar rasuwar. Bayan nan sai in alƙali ya ga dama ya ɗaga ƙafa, kuma ba abin dogaro ba ne. Mahaifinku ya yi mata godiya da ladabi. A mota ya ce mini, yana murmushi:

"Kin ji, sun ba ni shekara uku, likita kuma ta ba ni ɗaya. Ba su yi shawara da juna ba."

Asabar ɗin da ta biyo baya kuka zo duka. Zuwaira, kin shigo daga Manchester da sunayen lauyoyi a wayarki tun kafin ki cire takalmi. Aikinki na harhaɗa magunguna ya sa kin san ciwon fiye da mu, kuma na gane daga baya cewa maganar lauya ce kaɗai abin da kike iya riƙewa ba ki yi kuka ba. Muna kan tebur, tuwon shinkafa yana hucewa, kika ce:

"Abba, kamfanin ya daɗe da rufewa. Ba mutum za ka kai ƙara ba, inshora ce za ta biya. Don irin wannan ranar aka yi ta."

Ya ce, "Wurin da na ci abinci lokacin da kowa ya rufe mini ƙofa, ba zan kira shi gaban alƙali ba. Da kuɗin nan na zauna jarrabawa. Gidan nan da kike zaune a ciki, daga ɗakin masaƙar nan ya fito."

"Ciwon ma daga ɗakin ya fito, Abba."

"Ciwo daga Allah yake. Ɗakin sanadi ne."

Mukhtar, kai ka goyi bayansa, kuma da ranka ya ɓaci Hausar ta kuɓuce maka ka koma Turancin Birmingham, kana ce wa 'yar'uwarka ta bar mutum ya huta. Mahaifinku ya ɗaga hannu kuka yi shiru. Ya ce watannin da suka rage masa ba zai ƙarar da su yana ba baƙi labarin ƙura ba, yana so ya sauke Alƙur'ani, ya ga jikokinsa, ya zauna a lambu in rana ta fito. Ya ce ya yafe, a bar maganar. Ni ban ce komai ba a ranar. Na tashi na sake ɗumama miya.

Bayan 'yan kwanaki na fara kiran mutane ina sanar da su, kamar yadda ake yi. Da na zo kan Saratu na ce mata baban Zuwaira ba shi da lafiya, huhu ne. Ta tambayi sunan ciwon. Na lallaɓa na faɗa, ina tuntuɓe da kalmar. Sai ta faɗi kalmar daidai, ba tuntuɓe, irin faɗar wanda ya daɗe da ita a baki.

"Shi ne ya kashe Bitrus, maman Zuwaira."

Ta ba ni labari. Ciwon ya ci Bitrus da sauri, kafin a gama gane shi ya daina iya doguwar magana. Bayan rasuwarsa 'ya'yanta sun kai ta wajen wata lauya, aka yi ta bincike a aikinsa na bas ba a sami inda ya shaƙi ƙurar ba. Lauyar ta ce in ba a san wurin ba, kuma babu wanda zai shaida, babu ƙarar da za a shigar. Saratu ba ta taɓa jin labarin masaƙa ba, domin an yi aikin tun ba a auro ta ba, kuma Bitrus ba mai tuna wahala ba ne. 'Yan watanni suka rage mata shekara ukunta su cika. Ta riga ta haƙura. Tana zaune a gidan haya na hukuma a hawa na uku, gwiwoyinta sun lalace, kuma ita take riƙe da jikanta mai larura.

Na ajiye waya na fita lambu na same shi. Na gaya masa duka. Ya rufe Alƙur'anin a hankali ya ɗora hannu a kai. Ya daɗe yana kallon shingen maƙwabta, sannan ya ce:

"Ni na kai Bitrus wurin nan. Ni na fara ganin sanarwar neman ma'aikata."

Na ce, "Tare kuka je."

"Tare muka je. To duniyar nan wa ya rage da ya san ya shiga ɗakin nan, in ba ni da ke ba?"

A nan ne mutane suke ruɗewa, suna cewa ya canza ra'ayi. Bai canza ba. Ya ce haƙƙinsa nasa ne, ya yafe. Amma shaida ba tasa ba ce da zai yafe ta, amana ce a wuyansa, kuma ba zai tafi da ita kabari ba alhali matar abokinsa tana buƙata. Lauyar Saratu ta ce za ta zo har gida ta ɗauki bayaninsa. Ya ƙi. Ya ce shekarun sun yi yawa, sunan titi ya ɓace masa, ba zai rantse a kan wurin da bai sake gani da idonsa ba. Mukhtar, ka roƙe shi kada ya je, ka ce ba za ka tuƙa shi zuwa abin da zai illata shi ba. Bai ji haushinka ba, ina so ka san wannan. Ya ce mini yaron nan tsoro yake ji, ki ƙyale shi. Muka hau jirgin ƙasa mu biyu.

Zuwaira, ke kika tarye mu a tasha da mota, Saratu tana kujerar baya. Da ta ga yadda ya rame sai ta kama hannuna ta matse. Muka yi ta zagaya unguwannin da ba su kama da yadda na bar su ba. Sau biyu yana cewa a tsaya, ya duba, ya girgiza kai. A karo na uku ya gane wurin da gadar da ke kan magudanar ruwa, da wani dogon bututun hayaƙi na jan bulo da aka bari don ado. An mayar da masaƙar gidajen haya masu tsada, da furanni a tagogi. Ya fito ya jingina da mota ya nuna wata ƙaramar ƙofa a ƙasa inda yanzu ake ajiye kekuna.

"Ta nan muke shiga. Bitrus sai ya sunkuya, ni ba na sunkuyawa."

Saratu ta taka a hankali har bakin ƙofar ta tsaya, ta taɓa bangon. Ba mu bi ta ba.

A ofishin lauya ya yi bayani na tsawon yini, yana tsayawa yana shan ruwa. Ya faɗi yadda ƙurar take tashi har ba ka ganin wanda ke gefenka, da irin wuƙar da suke ɓamɓara da ita, da cewa ba a taɓa ba su abin rufe hanci ba sai dai su ɗaura hankici. Ya dage a rubuta cewa foman ɗin mutumin kirki ne, yana shiga ɗakin tare da su, yana raba musu shayinsa. Ni ma na ba da nawa bayanin game da wanki. Da aka gama lauyar ta ce masa, da wannan bayanin nasa ƙarar ma a shirye take, in yana so. Ya ce ya gode, ba don kansa ya zo ba.

A jirgin dawowa rana tana shirin faɗuwa, muna wuce gonaki da tumaki. Ya jingina kai da taga, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ɗauka barci yake. Sai ya yi magana ba tare da ya buɗe ido ba.

"Binta, ranar da muka zauna da yara ba ki ce komai ba."

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

"To ina tambayarki."

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan a lokacin.

Ya ce, "Ni abin da aka yi mini na yafe. Amma ke ma za a yi miki wani abu, za a ɗauke miki miji. Wannan ba ni da ikon yafe shi a madadinki. Kin ji abin da nas ta ce. Bayan raina shekara ukun naki ne. In kin yafe, alheri. In kin nema, ba ki saɓa mini ba."

Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya ce to, ya daina. Bai sake tayar da ita ba.

Tafiyar ta ci shi, ba zan ɓoye ba. A makon ruwa ya sake taruwa a ƙirjinsa aka kwantar da shi, kuma bayan an sallamo shi bai ƙara fita da ƙafarsa ba. Ko ta rage masa kwana, Allah ne ya sani, likitoci ma ba su iya cewa ba. Abin da na sani shi ne ranar da Saratu ta kira ta ce an shigar da ƙararta kafin wa'adi ya cika, ya sa na ɗaga shi zaune, ya ci abinci fiye da yadda ya ci a watan gaba ɗaya. Ya sauke Alƙur'aninsa. Ya rasu a farkon sanyi, da hantsi, kuna gefensa. Da yake ciwon na wurin aiki ne, dole aka sanar da jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa, muka shiga fargabar za a riƙe gawar a yanka. Amma tun yana da rai an auna naman, ga kuma bayanin da ya bayar da bakinsa, sai aka sake mana shi muka yi masa sutura ba da daɗewa ba.

Daga nan nawa wa'adin ya fara tafiya, ina cikin takaba, ban ma san yana tafiya ba. Ban gaya wa kowa maganar jirgi ba, domin na ƙudura a raina zan yafe kamar yadda ya yi, in haka ne kuwa babu amfanin faɗa. Na yi ƙoƙari. Bayan kowace salla ina cewa na yafe, ina jiran zuciyata ta bi bakina. Shekara ta wuce, ta biyu ta shiga. Zuwaira, duk bayan 'yan watanni sai ki ce, "Umma, lokaci fa yana tafiya," ni kuma in canza magana. Na je wajen limaminmu na tambaye shi. Ya ce diyya halal ce, yafiya kuma falala ce, zaɓi yana hannun mai haƙƙi. Ya mayar mini da kayana na dawo da su gida.

A cikin shekara ta uku Saratu ta zo Birmingham ta kwana biyu a wajena. An gama nata, an daidaita ba a shiga gaban alƙali ba, ta koma gida na ƙasa inda ba matakala. Muna tsinke alayyafo a kicin na tambaye ta yadda aka yi masu inshorar suka yarda da wuri haka. Ta ce lauya ta gaya mata ba su ne na farko ba daga wannan masaƙar. A shari'o'in baya an riga an tabbatar cewa masu wurin sun san ƙurar tana kisa tun kafin mazajenmu su taka ƙofar. Shi ya sa ba sa tura ma'aikatansu na dindindin wannan aikin, sai su jira hutu su ɗauki ɗalibai da baƙi waɗanda za su tafi ba a sake jin labarinsu.

Na ce, "Foman ɗin fa? Ya sani?"

Ta ce, "Ba a gaya masa ba. Shi ma ciwon ne ya kashe shi."

Na ajiye alayyafon na wanke hannu na daɗe ina wankewa. Mahaifinku bai yi kuskure game da dattijon nan ba, wannan ya yi mini daɗi. Amma ya tafi yana ganin rashin sani ne ya haɗa su duka. Abin da ya sani ya yafe. Wannan kuwa bai sani ba, ni aka bar wa saninsa. A ranar na gane cewa shekara biyu da wani abu ina faɗin kalmar da ba ta sauka a zuciyata ba, kuma yanzu ta ƙara nisa. Da babu wa'adi, da na ci gaba da zama a tsakiya har in mutu, ban yafe ba ban nema ba. Kotu ba ta tambayi ko na gama makoki ba. Na ji haushin wannan a da, amma shi ya tilasta mini na dubi raina na faɗi abin da ke ciki.

Na kira ku na gaya muku zan shigar da ƙara, na kuma faɗi maganar jirgi. Mukhtar, ka tuna abin da ka ce.

"Sai yanzu, Umma? Abba ya faɗa a gabanmu duka cewa ya yafe. Wannan kuma ke kaɗai kika ji."

Na ce, "Ni kaɗai aka gaya wa, domin ni abin ya shafa."

Ka tashi ka ɗauki makullin mota. Ba ka ce ƙarya nake ba, amma ba ka ce ka yarda ba, kuma na fi jin zafin wannan fiye da duk abin da ya biyo baya. Saura 'yan makonni wa'adin ya cika na hau jirgi ni kaɗai na je wajen lauyar Saratu na sa hannu.

Kada wani ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Sai da na zauna na ba baƙi labarin mutuwar mijina dalla-dalla, yaushe ya daina iya wanka da kansa, wa yake juya shi, yaya numfashinsa yake a makon ƙarshe, abubuwan da ko ku ban gaya wa ba. Wannan shi ne abin da ya ce ba zai yi ba, kuma a kujerar nan na gane dalilinsa fiye da da. Maganar ta fita cikin jama'armu. A wajen wani suna na ji an yi shiru da na shigo, daga baya aka kawo mini cewa wai Injiniya ya yafe amma matarsa ta ƙi barin kuɗi. Matan da muka yi shekara talatin muna zumunci wasu suka rage kira. Kai kuma, Mukhtar, ka ɗauke ƙafa. Kana aiko da yara, kana turo saƙon gaisuwa, amma kujerarka a teburin Juma'a ta daɗe babu kowa. An daidaita ƙarar kamar ta Saratu, suka amsa laifi a rubuce. Aka raba abin da ya fito yadda addini ya ce, ka ce ba ka son naka, ban tilasta maka ba.

Bara, ana saura kwana kaɗan azumi, ka kira ka ce za ka je maƙabarta, ko ina so. An yi ruwa da safe, wurin duk taɓo. Muka tsaya muka yi masa addu'a, ka tsuguna ka cire ciyawar da ta fito a gefe. Muna komawa wajen mota ƙafata ta zame, ka kama hannuna, ba ka kuma saki ba. Muna tafiya a haka ka ce:

"Umma, har yanzu ina ganin da an bari."

Na ce, "Na sani."

"Amma na yarda ya faɗa miki. Irin maganarsa ce. Na daɗe da yarda, kunya ce ta hana ni zuwa."

Da muka isa mota ka buɗe mini ƙofa, sannan ka tambaye ni ko na samu sauƙi a raina bayan na sa hannun. Na ce maka a'a. Ban samu sauƙi ba, mijina bai dawo ba, kuma har yau in na hau matakala na ji haki sai gabana ya faɗi. Abin da na samu kawai shi ne na daina gaya wa Allah abin da ba shi ne a zuciyata ba. Yanzu in na idar da salla ba na cewa na yafe. Ina roƙon Ya ba ni ikon yafewa, kuma ina jin wata rana zai ba ni.

Ka tayar da mota muka hau babban titi. Sai ka tambaye ni ko akwai sauran miyar kuka a gida. Na ce akwai, amma sai an tuƙa tuwo. Ka ce za ka jira.